Jama'a, Ɗa Ba Kayan Ɗaki Ba Ne

Sati uku ke nan abin yana cin raina. Wata baiwar Allah da aurenta ya mutu, a layinmu, nan Rijiyar Lemo, ta je ɗauko 'yarta daga Islamiyya bayan la'asar, da ƙullin awara a leda ta riƙo mata. Malam ya ce ai babanta ya zo tun ƙarfe uku ya tafi da ita. Yarinya 'yar shekara biyar. Kafin magariba an saka ta a motar dare a Sabon Gari, washegari tana Fatakwal, wurin wata gwaggo da ba ta taɓa gani ba. Da idona na ga uwar a bakin ƙofar makarantar, ledar awara a hannu, ta rasa inda za ta ajiye ta.

Haba jama'a! A 2019, da aka gano yaranmu tara da aka sace aka kai Onitsha, wane irin kuka ne ba mu yi ba? Gidajen rediyo suka ɗauka, limamai suka yi huɗuba, har kotu ta yanke wa ɗaya daga cikin masu satar, Paul Owne, ɗaurin shekara 104 a 2021. Madalla. To wannan fa? Don mai ɗaukewar uba ne, shi ke nan hawayen uwa ya zama ruwan famfo? Maza suna zaune a majalisa suna cewa "ai jininsa ne". Jininsa ne, wa ya musa? Amma wa ya ɗauki cikin wata tara, wa ya kwana a tsaye ranar da ƙyanda ta fito mata?

Kuma abin takaici, mu ne masu bugun ƙirji da Malikiyya. Yaron da ya karanta Risala a zaure ya san riƙo na uwa ne bayan saki: namiji har ya balaga, mace har ta tare a ɗakin mijinta. In uwar ta yi aure, riƙon ya koma ga kaka ta wajen uwa, sannan 'yar'uwar uwa. Ciyarwa kuwa tana wuyan uba ko yana so ko ba ya so. Na san masu wayo za su ɗauko Muhtasar su ce ai uba yana iya tafiya da ɗansa in zai yi ƙaura mai nisan buridi shida. Gaskiya ne, amma ƙaura ta zama aka ce, da amincin hanya. Shi wannan bawan Allah yana nan Kano, jiya ma na hango shi a kan babur. Ba ƙaura ya yi ba, huce haushi ya yi a kan yarinya 'yar shekara biyar, don kawai kada a ce ya riƙa kai kuɗin abinci gidan tsohuwar matarsa.

Ku ma iyaye mata ba zan ƙyale ku ba. Akwai wadda za ta kwashi yara ta shiga mota a Ƙofar Ruwa sai Maraɗi, ta sauya layin waya, uba ya shekara bai ji muryar ɗansa ba. Ku ji tsoron Allah. Da kakanni masu zuga, da mu maƙwabta da muke leƙe ta taga mu ce ba ruwanmu, duk za a tambaye mu.

Don girman Allah, in rigima ta taso a je wurin mai unguwa, ko Hisba, ko gaban alƙali.

Ita dai uwar ta kai ƙara, an ba su rana a wata mai zuwa. Kullum la'asar, in yara suka taso daga Islamiyya, sai ta fito ƙofar gida ta tsaya, har layin ya watse.