Wayar Salula a Hannun Ƙaramin Muridi

'Yan'uwa, iyaye a Dantchiao suna tambaya: a bar wa yaro waya ko a karɓe?

Yau ɗan shekara 13 yana jin muryar Shehu Ibrahim Inyass, wanda ya rasu a 1975, yana sauraron tafsirin Shehu Ɗahiru Bauchi ta WhatsApp. Kakanninsa sai sun niƙi gari zuwa Kano ko Kaulaha. Wannan ni'ima ce, godiyarta wajibi.

Sai dai waya karatu take isarwa, tarbiyya kuwa sai da zama gaban muƙaddami, wanda zai lura in yaro ya fara sakaci da lazimi. Don haka a bar masa ita, bisa sharaɗin ajiye ta lokacin salla da wazifa.

Allah ya kare zukatanmu daga gafala.