Injin da Ya Ƙi Tashi da Mas'alar Sababi

Injin yankan ciyawa da ake ratayawa a kafaɗa, wanda ke yanka da zaren roba mai juyawa, yakan shafe rani a ajiye, sai damina ta kankama a ƙasar Zuru, ciyawa ta rufe harabar makarantu da masallatai da majami'u, sannan a ɗauko shi, a yi ta fizgar igiya ya ƙi tashi. Mai injin yakan ce haka Allah ya so, makanike kuma ya ce kafireta ce, kuma abin tambaya shi ne ko maganganun nan biyu suna karo da juna.

Bayanin makanike yana da tsari. Irin wannan injin ba shi da ma'ajiyar baƙin mai ta daban, ana gauraya masa shi ne cikin fetur, galibi awo 1 ga awo 50, kuma idan haɗin ya yi watanni a tanki, ɓangarensa mai saurin kamawa yakan tsere ya bar danƙo da ke toshe ƙananan ƙofofin kafireta, wato inda mai ke haɗuwa da iska. Ƙurar hunturu tana cushe matatar iska, fulogi yana yin baƙi ya daina ba da tartsatsi, wanda kuma ya bar cok a rufe yana ta ja, shi da hannunsa yake shayar da injin mai fiye da kima.

Malaman tauhidi ba su musanta wannan ba. Shehu Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490 kuma ake karanta littattafansa a zaurukan ƙasar Hausa, ya ambaci hukuncin al'ada, ma'ana alaƙar da maimaituwa ke tabbatarwa tsakanin abu da abu, tare da yiwuwar ta saɓa, ba tare da ɗayansu ya zama mai tasiri da kansa ba. Gabaninsa Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kafa misali da wuta da auduga, Ibn Rushd kuma ya mayar masa da cewa wanda ya soke sababi ya soke ilimi. Sai dai ko a mazhabar Gazali al'adar nan Allah ne ya gudanar da ita, don haka mai barin tsohon mai a tanki ba shi da mafaka a cikinta, domin al'adar ya saɓa wa, ba ita ta saɓa masa ba.

Inda mas'alar ke da wuya shi ne ranar da aka wanke kafireta, aka sauya fulogi da mai, injin ya ƙi, can kuma ya tashi ba a ƙara taɓa komai ba. Makanike, Musulmi ne ko Kirista, yakan ce sai ikon Allah, amma ba ya rufe akwatin kayan aikinsa, yana komawa ga zoben fistan da robobin da iska ke iya kurɗawa, da yaƙinin cewa akwai sababin da bai gano ba tukuna.