Alkawarin Bakan Gizo da Cikowar Teku a Tuvalu

Tuvalu ƙasa ce da ke tsakiyar tekun Fasifik, wadda ta ƙunshi tsibirai tara da faɗinsu gaba ɗaya bai wuce murabba'in kilomita 26 ba, kuma babu wani tudu a cikinta da ya kai tsayin mita 5 daga fuskar ruwa. Mutanenta, waɗanda ba su wuce kimanin 11,000 ba, sun dogara ne ga kamun kifi da kwakwa da pulaka, wato wani nau'in gwaza da ake shukawa a cikin ramuka domin saiwarsa ta riski ruwan daɗi na ƙarƙashin ƙasa. A yau ruwan gishiri yana kutsawa cikin ramukan nan yana ƙone shuka, kuma idan teku ta cika, ruwa kan ɓuɓɓugo daga ƙasa a Funafuti, babban birnin.

Kusan dukkan al'ummar Kiristoci ne, shi ya sa wasu dattawa suka riƙe abin da ya zo a sura ta 9 ta littafin Farawa, inda aka ruwaito cewa Allah ya yi wa Nuhu alkawari ba zai sake halaka duniya da ambaliya ba, ya kuma sanya bakan gizo alamar hakan. A fahimtarsu, shirin ƙaura daga tsibiran saboda cikowar teku alama ce ta raunin imani.

Sai dai akwai bambanci tsakanin ruwan Nuhu da wanda ke kutsawa Tuvalu a yau. Na farko hukunci ne da ya sauka a kan masu laifi, na biyu kuwa ya samo asali ne daga hayaƙin gawayi da man fetur da manyan ƙasashe ke ƙonawa, wanda ke ɗumama duniya yana narkar da ƙanƙara, sannan cutarsa ta faɗa kan mutanen da kusan ba su da hannu a ciki. Alkawarin janye azaba bai ɗauke wa ɗan Adam alhakin ɓarnar hannunsa ba. Ban da haka, Nuhu kansa bai tsira ba sai da ya sassaƙa jirgi, abin da ke nuna cewa tawakkali, wato dogaro ga Allah, yana tafiya ne tare da kama sababi.

Wannan hanya hukumomin ƙasar suka bi. A 2021 ministan harkokin waje, Simon Kofe, ya yi wa taron sauyin yanayi na Gilasgo jawabi yana tsaye cikin teku, ruwa har gwiwa. A 2023 aka gyara tsarin mulki domin tabbatar da cewa Tuvalu za ta ci gaba da zama ƙasa ko da tsibiranta sun nutse, aka kuma ƙulla yarjejeniyar Falepili da Ostireliya, wadda ta ba mutum 280 izinin zama a can kowace shekara. Mai rauni ya yi iyakar shirinsa, saboda haka nauyin da ya rage yana wuyan waɗanda hayaƙinsu ya jawo matsalar.