Ku Daina Cusa wa Yara Magana a Baki

Waya ta ɓace a gida, ko zazzaɓin damina ya kwantar da yarinya tana sambatu. Nan da nan manya sun kewaye ɗan shekara huɗu. "Ɗan gidan wane ka ga ya shigo, ko?" "Tsohuwar nan ce ke zuwar miki cikin barci, ko ba ita ba?" Yaro ya girgiza kai, a sake tambaya. Ya yi shiru, a nuna masa bulala ko alewa. A karo na biyar ya ce e, sai gida ya ɗauka: ai yaro ba ya ƙarya!

Jama'ar Gwandu da Kalgo, mu kira abin nan da sunansa. Shaidar zur ce, kuma babba ne ya ƙera ta ya sa a bakin yaro.

Tunanin ƙaramin yaro ɗanyen yumɓu ne, duk yatsan da ya taɓa shi sai ya bar sawu. A 1995 Michelle Leichtman da Stephen Ceci sun gwada haka a Amurka. Wani baƙo, Sam Stone, ya shiga ajin yara, ya yi kamar minti 2 ya fita, bai ɓata komai ba. Wasu yaran an riga an gaya musu cewa maɓarnaci ne, bayan tafiyarsa kuma aka yi ta yi musu tambayoyi masu nuna ya yaga littafi. Bayan mako 10, kashi 72 cikin ɗari na 'yan shekara 3 zuwa 4 a cikinsu sun ce ya yi ɓarna, kashi 44 suka ce da idonsu suka gani.

To, ina wannan ke kai mu? Tsohuwa ta wayi gari da sunan mayya, a tilasta mata tsallaka marar lafiya gaban taro, jikokinta su rasa masu neman aurensu. Almajiri ya sha dukan kawo wuƙa kan wayar da bai taɓa gani ba. Zumuncin shekaru ya tsinke a yini ɗaya. Yarinyar da ke buƙatar asibiti ta galabaita a kan tabarma ana neman wanda ya kama kurwarta. Mai laifin gaske ya sulale. Ranar da aka zalunci wani yaro da gaske, wa zai yarda da maganarsa bayan mun gurɓata ta?

Abin kunya ne a yi haka a ƙasar Malam Abdullahin Gwandu. Risalar da ake karantawa a zaurukanmu ta karɓi shaidar yara kan raunukan da suka yi wa juna, amma da sharaɗin ba su watse ba, kuma babba bai shiga tsakaninsu ba. Me malaman da suka kafa wannan sharaɗi suka hango tun fiye da shekara 1,000? Sun san bakin babba na sauya abin da yaro ya gani. Dokar Shaida ta Nijeriya ta 2011 ma ta hana a kama mutum da laifi bisa maganar yaron da bai kai shekara 14 ba, sai wata hujja ta ƙarfafa ta.

Ku saurari yaro, amma mutum ɗaya ya zaunar da shi cikin natsuwa, ya ce, "Faɗa mini abin da ya faru," sannan ya kame bakinsa. Kada a ambaci suna, kada a yi barazana, kada a yi alkawarin alewa. In ya ce bai sani ba, a bar shi haka. Duk wanda ya sa sunan wani a bakin yaro, ya sani alƙalami bai hau kan yaron ba tukuna. A kan babban za a rubuta.