Ƙararrawar da Aka Cire wa Batir

Ɗan'uwa, a Amurka akwai masu tara na'urar gano hayaƙi don sha'awa. Sun san mai aiki da haske, sun san mai sinadarin amerisiyom. Amma wadda aka cire wa batir aka jera a kabad, ko gidan na cin wuta ba za ta yi ƙara ba.

Mu a Kambarawa ba mu manta gobarar babbar kasuwar Katsina ta 2021 ba.

Lamirinka ƙararrawa ce. Ayoyi nawa ka tara a ka, amma da Ruhu Mai Tsarki ya tuna maka bashin da ka danne, ka ce sai gobe? A Ezekiyel 33, wanda ya ji ƙaho ya ƙi kulawa shi ya ɗauki alhakin kansa. Mayar da batirin yau, je ka biya.