Baba, Kada Ka Rataye Gangar

Wata magana ta fara yawa a bakin samari a wuraren biki: wai tsohon makaɗi ya rataye gangarsa ya koma zaure ya huta, ya bar wa masu jini a jika fili. Ban yarda ba. Iyayenmu na Gaya da Ajingi, tun daga Kademi da Shagogo har Toranke da Balare, makaɗa da maƙera da manoma da iyayenmu mata masu kiɗan ƙwarya, da ku nake.

Har a Ingila ana wannan gardama. An daɗe ana yi wa Mick Jagger na ƙungiyar Rolling Stones gorin tsufa, mutumin da aka haifa a 1943, sai ga shi a 2024 yana zagaya biranen Amurka, filayen wasa suna cika maƙil. Amma mu ba sai mun yi aro ba. Alhaji Mamman Shata ɗan Musawa ya haura shekara sittin lokacin da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa a 1988, kuma bai sallami kalangunsa ba, ya ci gaba har ciwo ya ci ƙarfinsa, Allah ya yi masa rasuwa a 1999. Hajiya Barmani Choge ta Funtuwa tana da jikoki tana tayar da mata tsaye a fagen amada, har kusa da rasuwarta a 2013. Musa Ɗanƙwairo da kiɗan noma ya fara kafin ya shiga fada, ya tsufa a cikin sana'ar, ya rasu a 1991. Wa ya isa ya ce wa waɗannan su koma gefe?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a gonar gayya ya san aikin tsohon mai gangar noma. Matasa sun jeru, kowa da kunyarsa, garma tana shiga ƙasa tana fita. Rana ta take, gumi ya jiƙe riguna, hannu ya fara sanyi. Sai tsohon ya matso a hankali, ganga a rataye a kafaɗa, ya tsaya daidai bayan wanda ya fara ja da baya. Ba ya yi masa faɗa. Taken kakan yaron kawai zai saka, ya ambaci gonar da uban yaron ya taɓa huɗewa kafin azahar, ya kira sunan gidansu. Yaron nan sai ka ga ya sunkuya kamar yanzu ya iso, na kusa da shi su ɗauki ihu, ƙura ta tashi. Saurayin makaɗi yana iya fin tsohon ƙarfin gula, amma bai ga kakan ba, bai san wace kalma ce za ta taɓa zuciyar wane gida ba. Wannan sani shekaru ne suke tara shi, kuma lasifikar da ake haya a kunna a biki ba ta da shi.

Haka yake a maƙera. Tarihin baka ya ce daga Gaya maƙeran farko, Abagayawa, suka tafi dutsen Dala neman tama. A garin da ke da wannan asali, abin kunya ne a ga tsohon maƙeri zaune a gefe ba mai tambayarsa. Hannunsa ya daina ɗaukar babbar guduma, gaskiya ne, amma da ido yake gane ƙarfe ya nuna. Yaro ya yi zuga, ya yi duka, shi ya riƙe awartaki ya ce nan.

Na san jiki yana gajiya, murya tana dusashewa. Ba na goyon bayan a ja tsoho marar lafiya daga wannan biki zuwa wancan saboda 'yan kuɗin liƙi; wannan zalunci ne, ko da 'ya'yansa ne suka yi. Amma ai kiɗanmu tun asali ya yi wa tsufa tanadi. Me ya sa ake da 'yan amshi? Jagora ya jefa ɗa guda, su karɓe su ɗauki nauyin, shi ya numfasa ya shirya na gaba. Baba, in tsayuwa ta gagara a kawo maka kujera. In tafiyar dare ta yi nisa ka zaɓi na kusa. Ranar da za ka ajiye, kai za ka faɗa da bakinka, ba mai wayar da bai taɓa ɗaure fatar ganga ba.

Ku kuma samari, aikinku a fili yake. Ku biya su hakkinsu da daraja, ba sadaka ba ce. Wayoyin nan da ke aljihunku, ku zauna gabansu ku naɗi take da kirarin kowane gida. Wanda ya gaji kiɗa ya daina jin kunyar gadonsa, ya ɗauki ganga ya bi bayan mahaifinsa. Daminar nan in an kira gayya, a tura babur tun da sassafe ya ɗauko tsohon da gangarsa.