Haƙƙin Wurin Ibada da Wurin Mutuwa a kan Mai Kallo: Haikalin Cao Dai da Ramukan Cu Chi

Daga cikin tafiye-tafiyen da kamfanonin yawon buɗe ido suke shirya wa baƙi a Birnin Ho Chi Minh na ƙasar Biyetnam, wanda a da ake kira Saigon, akwai wata ta yini guda da takan haɗa wurare biyu, wato babban haikalin addinin Cao Dai da ke Tay Ninh, kimanin kilomita 100 arewa maso yamma da birnin, da kuma ramukan yaƙi na yankin Cu Chi da ke kan hanyar dawowa. Akan tashi da sassafe domin a riski ibadar tsakar rana a haikalin, sannan bayan azahar ɗan jagora ya zagaya da baƙi cikin dajin da ramukan suke, kafin almuru kuma an komo masauki. Tsarin tafiyar yana da sauƙi, amma tambayar da ke ƙarƙashinsa tana da nauyi, domin a cikin sa'o'i kaɗan ana tsayar da mutum a gaban abubuwa biyu da al'ummomi suka fi girmamawa, wato ibada da mutuwa, alhali bai zo a matsayin mai bauta ko mai makoki ba, ya zo ne da tikiti da kyamara. Abin bincike shi ne ko kuɗin shiga ya sauke duk abin da ke wuyan mai kallo, ko kuwa irin waɗannan wurare suna da wani haƙƙi a kansa wanda kuɗi ba ya biya.

Addinin Cao Dai ya bayyana a fili a shekarar 1926, lokacin da Faransa take mulkin mallakar yankin, kuma waɗanda suka kafa shi, irin su Ngo Van Chieu da Le Van Trung da Pham Cong Tac, sun dogara ne da saƙonnin da suka yi imani ruhohi ne suke aiko musu a rubuce a wuraren zaman kiran ruhohi. Aƙidarsu ita ce Ubangiji ɗaya ne, ya yi wa mutane magana a zamunna biyu da suka shuɗe ta bakin malamai daban-daban, yanzu kuma an shiga zamani na uku da za a haɗa waɗannan hanyoyi wuri guda; saboda haka suka ɗauko koyarwar Buda da ta Tao da ta Konfushiyas, suka kuma tsara shugabancinsu bisa salon cocin Katolika, har da muƙami irin na Fafaroma. Alamarsu ita ce ido guda, na hagu, wanda suke nufin Ubangiji mai ganin komai da shi, kuma a mashigar haikalin akwai zanen mutum uku da suke ɗauka a matsayin waliyyai, wato Sun Yat-sen na Sin, da marubucin Faransa Victor Hugo, da mawaƙin Biyetnam Nguyen Binh Khiem. An yi bikin buɗe ginin a 1955, kuma ana ibada a cikinsa sau huɗu a kowace rana: ƙarfe shida na safe, da tsakar rana, da shida na yamma, da tsakar dare. Mabiya sukan sa fararen tufafi, maza a sashe ɗaya mata a ɗayan, manyan limamai kuma su sa ruwan ɗorawa ko shuɗi ko ja, gwargwadon reshen da kowa yake wakilta.

Masu haikalin da kansu suke barin baƙi su cire takalma su tsaya daga gefe su kalli ibadar, don haka babu maganar kutse. Sai dai izinin gani dabam ne da izinin mayar da mutane abin kallo, kuma bambancin yana cikin inda kowa ya fuskanta, domin mai ibada ya juya fuskarsa ga abin da yake bautawa, shi kuwa baƙo ya juya tasa ga mai ibadar, ta yadda cikin sauƙi zai iya ɗaukar launin riguna da macizan da aka sassaƙa a jikin ginshiƙai a matsayin ainihin abin da ke faruwa, ya manta cewa tsohuwar da ta durƙusa a ƙasa tana roƙon gafara ne ko tana addu'a ga mamacinta. Musulmi ko Kirista zai sami abubuwa da yawa a aƙidar Cao Dai da ba zai taɓa amincewa da su ba, kuma ladabi bai wajabta masa ya ɓoye wannan saɓani ko ya yi kamar duk addinai abu ɗaya suke faɗa ba. Abin da ladabi ya wajabta masa shi ne ya yarda cewa mutanen da ke gabansa da gaske suke yi, kuma duk wanda ya taɓa ganin baƙo ya ratsa gaban sahu da kyamara a filin Idi ya san zafin da mai ibada yake ji idan aka ɗauki gaskiyarsa a matsayin wasan kwaikwayo.

Ramukan Cu Chi kuwa an fara haƙa su ne a ƙarshen shekarun 1940, lokacin yaƙin neman 'yanci daga Faransa, sannan aka faɗaɗa su sosai a shekarun 1960 sa'ad da 'yan sari-ka-noƙe masu ra'ayin gurguzu, waɗanda ake kira Viet Cong, suke yaƙi da gwamnatin Saigon da sojojin Amurka. Da hannu aka haƙa su, da 'yan ƙananan fartanyoyi da kwanduna, har tsawonsu gaba ɗaya ya haura kilomita 200, a wasu wurare hawa uku ne ɗaya ƙarƙashin ɗaya, da ɗakunan kwana da na jinya da na taro da rijiyoyi da ma'ajiyar makamai, da murhun da aka yi wa hanyar da hayaƙi zai bi ya fita a can nesa a hankali don kada jiragen sama su gano shi. Amurka ta kai manyan farmaki biyu domin rusa su, ɗaya a Janairun 1966, ɗayan a Janairun 1967 da sojoji kusan 30,000, ta tura wasu sojoji masu ƙananan jiki su shiga ramukan da ƙaramar bindiga da tocila, daga baya kuma jiragen B-52 suka yi wa yankin ruwan bama-bamai. Waɗanda suka rayu a ƙasa sun sha fama da zazzaɓin cizon sauro da ƙarancin iska da yunwa, kuma dubbai daga cikinsu ba su ga ranar 30 ga Afrilu 1975 da yaƙin ya ƙare ba.

A yau baƙo yakan ga tarkunan da aka kafa wa tsinin gora, ya gwada shiga wani ɗan ramin ɓuya mai murfi, ya rarrafa cikin wani sashe da aka faɗaɗa saboda jikin baƙi, a ba shi dafaffen rogo da dakakkiyar gyaɗa a matsayin abincin mayaƙa, kuma idan yana so ya sayi harsasai ya harba AK-47 ko M16 a filin harbin da ke wurin. Masu kare wannan tsari suna da hujja mai ƙarfi, domin tarihin na mutanen Biyetnam ne, su suka zubar da jini, su kuma suke da ikon nuna shi a matsayin abin alfahari, kuma jama'ar yankin suna cin abinci daga baƙin da ke zuwa. Haka nan rarrafen 'yan mitoci cikin duhu da zafi yana koya wa jiki abin da littafi ba ya koyarwa, muddin mai rarrafen ya tuna cewa shi ya san inda mafita take da lokacin da zai fita, su kuwa ba su sani ba. Filin harbin ne yake da wahalar karewa, saboda duk sauran abubuwan suna ɗora baƙo a matsayin wanda ake farauta, shi kuwa wannan yana ba shi daɗin riƙe makami ba tare da tsoro ko alhaki ba, a kan ƙasar da ƙarar wannan makami ta kasance sanarwar mutuwa ga mutanen ɓangarorin biyu.

A cikin al'adar Musulunci akwai abin da ya shafi wannan mas'ala kai tsaye, domin ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa lokacin da Manzon Allah (SAW) ya bi ta Hijir, mazaunin Samudawa, a tafiyar Tabuka, ya hana sahabbai shiga gidajen mutanen da aka halaka sai suna masu kuka, ya kuma rufe kansa ya hanzarta tafiya har ya wuce kwarin. Ba a kwatanta matattun Cu Chi da Samudawa a hukunci, domin waɗancan azaba ce ta same su saboda saɓon Allah, waɗannan kuwa manoma ne da matasan sojoji da yaƙi ya cinye. Abin da ake ɗauka shi ne asalin ƙa'idar, wato wurin da aka yi halaka mai yawa yana neman wani hali na musamman daga mai shigarsa, kuma kallon da Alƙur'ani ya yi umarni da shi ga masu tafiya a bayan ƙasa kallon izina ne, wanda mai yinsa yake fita da tsoron kada abin da ya sami wasu ya same shi.

Akwai kuma wani kuskure da gajartar yinin take jawowa, wanda ya fi rashin ladabi ɓoyuwa, shi ne baƙo ya raba ranarsa gida biyu, ya ce safiya ta addini ce da zaman lafiya, yamma kuma ta siyasa ce da yaƙi. Tarihi bai goyi bayan wannan rabo ba, domin Faransa ta kama Pham Cong Tac ta kai shi Madagaska a 1941, mabiyansa suka kafa runduna da taimakon Jafan, bayan yaƙin duniya na biyu kuma rundunar ta haɗa kai da Faransa wajen yaƙar Viet Minh, wato mayaƙan neman 'yanci daga Faransa, har zuwa lokacin da shugaban gwamnatin Saigon, Ngo Dinh Diem, ya karya ƙarfinta, Pham Cong Tac ya tsere Kambodiya a 1956 ya rasu a can a 1959. Bayan 1975 gwamnatin gurguzu ta takura wa addinin, ba ta kuma amince da hukumarsa ta Tay Ninh ba sai a 1997. A ɗaya ɓangaren, gwamnatin da aƙidarta ba ta ginu a kan addini ba ita ce ta gina haikalin tunawa a Ben Duoc, ɗaya daga cikin wurare biyun da ake shiga ramukan, aka buɗe shi a 1995, aka rubuta sunayen matattu fiye da 40,000 a bangonsa, kuma iyalai suna zuwa su ƙona turare bisa al'adar girmama magabata. Masu kiran haɗin kan addinai sun ɗauki bindiga, masu bindiga kuma da suka gama yaƙi ba su sami yadda za su yi da matattunsu ba sai ta hanyar ibada.

Daga nan ake gane cewa haƙƙin waɗannan wurare a kan mai kallo ya wuce rage murya da sa tufafin mutunci, ko da yake daga nan yake farawa. Haƙƙin shi ne kada ya ɗauki darasin da ya fi masa sauƙi, ya ce addini a kullum kariya ne daga zubar da jini, ko ya ce mutane suna iya binne dubban 'ya'yansu ba tare da neman wata ma'ana da ta wuce nasarar siyasa ba, domin Tay Ninh ta ƙaryata magana ta farko, Ben Duoc kuma ta ƙaryata ta biyu. Kamfani yana iya sayar da mota da abinci da bayanin ɗan jagora, amma niyyar da mutum ya shiga da ita, da abin da ya yarda ya tuhumi kansa da al'ummarsa a kai bayan ya fito, nauyi ne da ke wuyansa shi kaɗai.